INA RABON ƊAN TALAKA A SANA'AR KWAMFUTA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa manya da ƙanana, maganar da muka zo da ita wannan mako ta shafi kowane gida mai yaro a makaranta, tun daga Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku da Hotoro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa, gama maganar abincin 'ya'yanmu ce na gobe.

Kun sani tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Duk yaron da ke son shiga jami'a ko kwalejin fasaha dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi, ko ya taɓa ganinta ko bai taɓa ba. A 2024 hukumar WAEC ta fara yin haka ga masu rubuta jarrabawarta daga waje, a 2025 kuma Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwa cewa can aka nufa da jarrabawar gama sakandare duka. Ɗan mai kuɗi ya tashi da kwamfuta a ɗakinsa, ba abin da ya dame shi. Ɗan talaka kuwa sai ubansa ya ciro daga kuɗin cefane ya biya wani shago, a nuna masa inda ake dannawa cikin mako guda, sa'an nan a ce ya je ya yi takara da wancan.

Ku dubi kasuwa kuma. Da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai tumatir da mai shayi da mai yadi a Kantin Kwari duk sun koma karɓar kuɗi ta waya. Yau da wuya ka wuce lungu ba ka ga yaro a ƙarƙashin lema da na'urar POS ba. Amma wa ya rubuta manhajar da ke cikin na'urar nan? Wa ke kula da ita? Kamfanonin da suka raba ta, irin su OPay da Moniepoint, manyan ofisoshinsu na ƙasar nan suna Ikko, can kuwa ake biyan albashi mai tsoka. Mu ne da ciniki, 'ya'yanmu ne da zaman rana da ɗan kamasho. Kamfanonin ba su yi mana laifi ba, sana'a suka koya suka ci moriyarta. Tambayarmu ita ce, yaushe namu za su koya?

Amsar da masu mulki ke bayarwa kullum ita ce za a yi haɗin gwiwa tsakanin makarantu da kamfanoni. Mu ma mun yarda da haɗin gwiwa. Amma mun gaji da irin wanda ake yi a babban otel, a sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a ci kaji, kowa ya shiga motarsa. Wanda muke nufi shi ne a ɗaura makarantar unguwa da shagon kasuwa da ofishin kamfani da igiya ɗaya, bisa sharuɗɗa rubutattu, a kuma riƙa auna shi da mudu ɗaya tak: yara nawa na talakawa suka sami abin yi a ƙarshen shekara.

BA YAU AKA FARA BA

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta farko a Nasarawa a 1909, an yi ajin malamai, an yi na 'ya'yan sarakuna, an yi na koyon sana'ar hannu. Tun daga ran nan aka raba karatun littafi da aikin hannu, aka ɗaukaka ɗaya aka ƙasƙantar da ɗaya, har yau kuwa ba mu warke daga wannan rabo ba. Shi ya sa mai takarda ke jin kunyar riƙe sukurdireba, mai sukurdireba kuma ke jin kunyar shiga aji.

Amma Bakano bai taɓa jinkiri ba in sabon abu ya zo da amfani a fili. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa suna zaton auduga za su kwasa, sai manoma da fatake suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, cikin 1912 gyaɗa ta cika tasha, daga baya aka yi dalar gyaɗa, aka yi su Alhassan Ɗantata. Ba wanda ya kira taron bita kafin a yi haka.

A 1977 kuma, da jihar Kano ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi na kanta, sai ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka riƙa ɗaukar yara ta hanyar jarrabawa, aka ba su kwana da abinci da kayan gwaji da malamai. Ku tambaya a asibitocinmu da jami'o'inmu, za ku tarar da 'ya'yan manoma da na maƙera waɗanda suka fito daga can. Da gwamnati ta san abin da take so, ta sa kuɗi a kai, cikin 'yan shekaru aka ga sakamako.

Sa'an nan wayar hannu ta shigo a 2001. Ba jami'ar da ta koya wa kowa gyaranta. Samari ne suka riƙa buɗe matattun wayoyi suna duba cikinsu, wani ya koya ya koya wa wani, har aka wayi gari kasuwar waya ta Farm Centre, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Tarauni, ta zama wurin da ake zuwa daga garuruwa masu nisa a sayi kaya ko a kawo gyara. Daga Darmanawa zuwa can gajeriyar tafiya ce a A Daidaita Sahu. A ganinmu ita ce babbar makarantar fasahar zamani da ɗan talakan wannan yanki ya mallaka, ko da yake ba ta da allo a ƙofa, ba ta kuma ba da takardar shaida.

GINE-GINE DA SHIRYE-SHIRYE

Ba za mu ce ba a yi kome ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'ar Bayero na koyar da ilmin kwamfuta, haka jami'ar Wudil da aka kafa a 2001, haka kwalejin fasaha ta jiha. Hukumar sadarwa ta NCC ta kafa makarantar Digital Bridge a 2004, ta yi mata reshe a Kano. Maƙwabtanmu na Jigawa sun buɗe makarantar Informatics a Kazaure tare da wani kamfanin Singafo, daga baya Kano ma ta buɗe tata a Kura. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA a 2001, a 2023 kuma ta fito da shirin 3MTT da niyyar horar da matasa miliyan 3. Ga ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su CITAD da suka daɗe suna wannan aiki a cikin gari.

To, amma ku lura da ƙofofin shiga. Jami'a sai mai kiredit biyar da makin JAMB da kuɗin rajista. Shirye-shiryen Tarayya ta intanet ake neman shiga, yawancin darasin ma ta intanet yake, da Turanci. Watau kafin ka shiga sai kana da babbar waya ko kwamfuta, da data, da wutar caji. Alhali kuwa a watan Janairu na 2025 hukuma ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin wutar masu layin farko naira 225 kowane ma'auni, a watan Oktoba na shekarar kuma Kano ta yi kwanaki cikin duhu da aka lalata layin da ke kawo wuta Arewa. Saboda haka wanda ya riga ya samu shi ke ƙara samu, wanda aka yi shirin dominsa kuwa yana bakin ƙofa yana leƙe.

Akwai wani abu mai ciwo da ya kamata mu faɗa. Hukumar NCC ta gina cibiyar fasahar zamani a titin Audu Bako. Ran 1 ga Agusta 2024, cikin zanga-zangar tsadar rayuwa, ana gab da buɗe ta, wasu suka afka mata suka kwashe kwamfutoci da kujeru suka sa wuta. Sai a 2025 aka buɗe ta, bayan kamfanin IHS ya gyara. Waɗanda suka yi wannan ɓarna ƙannensu suka yi wa sata, ba mu kuwa da wani uzuri da za mu ba su. Amma masu mulki ma su ɗauki darasi. Yaron da ya san ƙanensa na koyon aiki a cikin gini ba ya ɗauko masa fetur. Kariyar irin wannan wuri ita ce a cika shi da 'ya'yan unguwa, kowa ya san nasa ne.

KOWANE ƁANGARE RABI GARE SHI

Ku shiga ajin kwamfuta a yawancin makarantun gwamnati. Malami zai zana kwamfuta a allo da alli, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta, su rubuta a jarrabawa, su ci. Inda wani mai neman suna ya ba da kyautar kwamfutoci, sau da yawa suna kulle a ofis sun sha ƙura, don ba wuta, ko don ana tsoron ɓarayi, ko don shi malamin kansa ba a koya masa ba. Gwamnan Kano da kansa ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, ya kuma faɗa da bakinsa cewa yara masu ɗimbin yawa a ƙasa suke zaune suna karatu. Makarantar da ba ta da benci, ina za ta ajiye kwamfuta?

A manyan makarantu akwai shirin SIWES, wanda asusun ITF ya fara a 1973 don ɗalibi ya je kamfani ya ga aiki da idonsa. Niyya ce mai kyau. Amma iyaye sun san yadda abin yake. Ɗalibi ya yi ta yawo da wasiƙa yana neman wanda zai karɓe shi, in ba shi da ɗan'uwa a ofis ya sha wuya. In an karɓe shi, sau da yawa aikinsa sayo wa oga abinci da kai takardu a yi hotonsu. Wata shida su cika, a sa masa hannu a littafi, ya koma yadda ya zo.

Ku koma kasuwa. Yaron shago ya iya canza gilashin waya, ya iya liƙi da dalma, ya iya gane ciwon caji da ido. Amma ba wanda ya koya masa dalilin abin, yadda wuta ke gudana, yadda ake karanta taswirar injin, ko Turancin da aka rubuta bayanin da shi. Ba a yanka masa wa'adi ba, bai san ranar da za a yaye shi ba. In kamfani ya fito da sabuwar ƙira, sai ya koma lalube. In banki ko asibiti na neman mai kula da na'urori, ba shi da takardar da zai nuna, sai a ɗauki mai takarda wanda bai taɓa buɗe na'ura ba, shi kuma ya ɗauko ta a ɓoye ya kawo wa yaron nan gyara a Farm Centre.

Makaranta na da rabin sana'a, kasuwa na da rabi, ga su kuwa a unguwa ɗaya ba sa ga-maciji. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabon tsarin darussa, ta sa gyaran kwamfuta da waya, da haɗa wutar sola, cikin sana'o'in da ɗalibi zai zaɓa. Madalla. Amma wa zai koyar? Malaman wannan darasi suna zaune a rumfunan kasuwa, ba wanda ya aika musu takardar gayyata.

YADDA WASU SUKA YI

A Jamus, yaron da ya zaɓi sana'a yakan yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a aji, har shekara uku ko makamancin haka. Akwai yarjejeniya a rubuce, ana biyansa kowane wata, majalisar 'yan kasuwa ce ke yi masa jarrabawar ƙarshe, takardarsa kuma tana aiki ko'ina a ƙasar. Sun yi dokar wannan tsari a 1969, suka shigar da sana'o'in kwamfuta ciki a 1997.

Ba sai mun je Turai ba ma. 'Yan'uwanmu Ibo na Sabon Gari kan ɗauko yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru sanannu, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Fataken Kano ma haka suka yi tun zamanin ayarin goro, yaron gida yakan zama maigida. A Kaduna kuma, kwalejin fasaha ta can ta jawo masu sana'ar kasuwar Panteka a jiki a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, kafin ya koma shugabancin hukumar NBTE a 2021, don a gwada abin da suka iya a ba su takardar shaida. Abin da aka yi wa masu walda da kafintoci a Panteka, me zai hana a yi wa masu gyaran waya da kwamfuta a Farm Centre da titin Beirut?

Amma ga gargaɗi. A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Ikko, yana ɗaukar matasa ya koya musu rubuta manhaja yana biyansu, sa'an nan su yi wa kamfanonin Amurka aiki daga nan gida. A 2016 gidauniyar mai Facebook ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24. A watan Satumba na 2019 sai ya sallami ƙananan ma'aikata fiye da 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, don masu ba shi aiki sun ce ƙwararru suke so. Kamfani riba yake bi, in ta juya ya juya. Saboda haka ba a sakar wa kamfani ragamar tarbiyyar yara shi kaɗai. Dole makaranta ta ba yaro tushe, watau lissafi da karatu da fahimtar dalili, yadda ko kamfani ya tafi ilmin na nan a kansa.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kowace sakandaren gwamnati a mazaɓu 10 na Tarauni ta sami ɗakin kwamfuta mai wutar sola da mai gadi. A bar shi a buɗe da yamma da lokacin hutu, 'yan Islamiyya da almajirai da yaran shago su ma su shiga. Kwamfutar da aka yi amfani da ita, in lafiyayya ce, ta isa koyo, ba sai an ba ɗan kwangila ya sayo sabuwa da ninkin kuɗi ba.

Na biyu, hukumar makarantun sakandare ta zauna da shugabannin kasuwar waya a rubuta yarjejeniya. Ɗalibin babban aji da ya zaɓi wannan sana'a ya riƙa zuwa shagon da aka tantance a ranaku sanannu. A rubuta abin da za a koya masa wata bayan wata, da ranar yaye, da ɗan abin da za a riƙa ba shi na mota da abinci. Uba ya sa hannu, ubangida ya sa, shugaban makaranta ya sa.

Na uku, masu gyaran da suka ƙware a gwada su a ba su takardar hukumar NBTE, sa'an nan a ɗauke su su shiga aji su koyar, a biya su. Malaman makaranta kuma su yi wani yanki na dogon hutu a shago ko a kamfani, su ma a biya su. Bayan gobarar da ta ci ɗaruruwan shaguna a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025, gwamnati ta yi alkawarin gyara kasuwar. Mu a wurinmu gyaran bai cika ba sai da zauren koyarwa a cikinta, inda yaran shago za su koyi lissafi da Turancin sana'a da taswirar injin.

Na huɗu, bankuna da kamfanonin waya da asibitoci da manyan kantunan da ke cin kasuwa a titin Zariya da titin Gidan Zoo, kowannensu ya faɗi yawan ɗaliban da zai ɗauka kowace shekara, ya ba su aiki na gaske a ƙarƙashin wanda ya iya. Ba alfarma muke roƙo ba. Manyan kamfanoni na biyan asusun ITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, doka kuma ta yarda a mayar wa wanda ya horar da mutane wani kashi. Kuɗin horo yana nan, a bi sawunsa.

Na biyar, 'yan mata. Kasuwar waya wuri ne na cunkoson maza, iyaye da yawa ba za su tura 'yarsu can ba, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Sai a kai musu malamai makarantunsu, a horar da mata su koyar da mata. Wace mace ce ke son miƙa wa namijin da ba ta sani ba wayarta mai ɗauke da hotunan iyalinta? Mai gyaran waya mace a cikin Darmanawa ba za ta rasa ciniki ba. Ga tsara lissafin kasuwanci, ga zanen talla, ga rubuta manhaja, duk ana yi daga cikin ɗaki.

Na shida, a fara koyarwa da Hausa, a shigar da Turancin sana'a sannu a hankali. Yaron da ya gane abu da harshen uwarsa ba ya wahalar koyon sunansa da wani harshe.

Na bakwai, shi ne uban duka. Kowace shekara a liƙa lissafi a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo: yara nawa aka ɗauka, daga wace mazaɓa, nawa suka gama, nawa ke aiki ko suka buɗe nasu bayan shekara guda, nawa aka kashe. Shirin da ya ƙi bayyana wannan lissafi, a san akwai lauje cikin naɗi.

MASU JA DA MAGANA

Wani zai ce in yaro ya ɗanɗana kuɗin kasuwa zai gudu daga aji. Ai yanzu ma gudun yake yi, don bai ga abin da ajin zai ba shi ba. In aka ce takardar sana'a ba ta fitowa sai da halartar aji, zai zauna.

Wani zai ce kwamfuta na koya wa yara damfara. Damfara ta girmi kwamfuta, kowane ɗan kasuwa ya sani. Wanda ya iya aiki ya rasa inda zai yi shi ne ke cikin haɗari. Yaron da ke da ubangida mai sa masa ido, da malami, da albashi, ya fi nisa da wannan hanya. Kuma ku da ake yi wa saƙon kuɗi na ƙarya a rumfa, wa zai kare ku in ba ɗanku da ya san kan abin ba?

Ubangida zai ce in na koya wa yaro zai buɗe shago kusa da ni ya ƙwace mini ciniki. Haka aka yi da kai, kasuwar kuwa ba ta mutu ba, girma ta yi. Yawan gwanaye ne ke sa mutum ya taso daga Damagaram ko Haɗeja ya nufo Kano.

Wasu kuma na cewa tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka fito a 2022, na'ura ta fara rubuta manhaja da kanta, koyon ya zama aikin banza. Gaskiya ne ƙananan ayyukan rubutu sun fara raguwa. Amma na'ura ba za ta hau tsani ta ja wayar intanet a asibiti ba, ba za ta haɗa sola a rufin kanti ba, ba za ta zauna da Alhaji a Kwari ta ji yadda yake ba da bashi ta tsara masa littafi ba. Wannan ma shi ne ƙarin dalilin haɗa hannu da kai, gama mai haddar sunayen sassa shi na'ura za ta fara kora.

NAMU AIKIN

Kada mu zauna jiran gwamnati kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, ku ne kamfanonin Kano. In kuna son a sa muku kyamarar tsaro, ko manhajar lissafin kaya, ko tallar intanet, ku fara neman ɗan gida, in ya yi daidai ku biya shi daidai, kada ku ce ai namu ne ku ba shi na goro. Ƙungiyoyinku na karɓar kuɗi kowane mako. Ku ware wani abu ku sayi kwamfutoci ku kai makarantar unguwarku, ku kuma naɗa mutum biyu su riƙa leƙawa su ga ko ana amfani da su.

Ku iyaye, kafin ku biya kuɗi a makarantar kwamfuta ta bakin titi, ku shiga ku ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ku ƙirga ɗalibai. Ku ce a nuna muku waɗanda suka gama bara da inda suke aiki, gama gani ya kori ji. Ku halarci taron iyaye da malamai, ku tambayi inda mabuɗin ɗakin kwamfuta yake.

Ran da masu neman kujera suka zo da atamfa da taliya, daga kansila har sanata, kowace jam'iyya suka fito, ku karɓe su da mutunci ku yi musu tambaya ɗaya: yara nawa na wannan mazaɓa kuka sa a hanyar sana'a, ina sunayensu? Wanda ya kawo hoton taro ku ce ya koma ya kawo lissafi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke aji ɗaya na sakandare a Darmanawa bana, nan da shekara shida za su fito neman abinci, kasuwa kuwa ba za ta jira su ba. Ga makaranta, ga kasuwa, ga malamai a rumfa, ga kuɗin horo a asusu. Abin da ya rage shi ne mu taru mu matsa har a haɗa su. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su sana'a mai albarka, amin.